Ramin Duba Bututu: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

A cikin yawon aikinmu a ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango, Baure da Mai'aduwa, muna ganin sababbin gidajen bulo suna tashi. Mutane da yawa sun bar yin kwata a buɗe. Suna binne bututu daga makewayi da wurin wanke-wanke zuwa sokawe, wato ramin da ke shanye ruwan dauɗa. Wannan ci gaba ne. Amma akwai ƙaramin abu guda da masu gida kan soke idan kuɗi sun fara ƙarewa, shi ne ramin duba bututu, wanda magina suke kira camba.

Camba ɗan akwati ne na bulo a cikin ƙasa, mai murfi. Bututu yana shiga ta gefe ɗaya, ya fita ta ɗayan. Ana yin sa a duk inda bututu ya yi kwana, da inda bututu biyu suka haɗu, da kuma dab da sokawe, domin a nan ne toshewa ta fi aukuwa. Ƙasarmu jigawa ce. Matanmu suna wanke tukwane da toka da yashi, ga maiƙo, ga leda. Duk waɗannan suna kwantawa a cikin bututu. Idan akwai camba, sai a ɗaga murfi, a zura doguwar gora, a kora da ruwa bokiti biyu, aiki ya ƙare.

To, nawa ne kuɗinsa? Farashi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a wurare da dama na ƙasar nan. Saboda haka gara mu lissafa da kaya, kowa ya tambayi farashin ranar a kasuwarsu. Camba mai faɗin ƙafa 2, tsawo ƙafa 2, zurfi ƙafa 2, zai ci bulo mai inci 6 wajen guda 20, da siminti buhu ɗaya ko ɗaya da rabi, da yashi da tsakuwa kaɗan, da guntun rodi na murfi. Birkila ɗaya da lebura ɗaya za su gama shi a yini guda. Galibi ragowar kayan ginin ma ta isa, ga rami a tone, ga ma'aikata a wurin.

Yanzu sai mu duba lissafin wanda ya ƙi yi. Ranar da bututu ya toshe, ba wanda ya san inda toshewar take. Dole a fasa daɓen tsakar gida, a bi bututu da diga, sau da yawa a fasa shi. A sayi sabon bututu, a sayi siminti a sabon farashi, a biya mai fasawa, a biya mai gyara, a ƙarshe kuma a gina camban da aka gudu. Araha ba ta ado.

Hasarar ba ta tsaya ga aljihu ba. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, ruwan da ya rasa hanya yakan kwanta a gindin katanga. Idan katangar maƙwabci ta ƙasa ce, zai ci gindinta har ta faɗi, maganar ta kai gaban mai unguwa. Ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro. Na makewayi kuwa, in ya tsiyaya cikin rijiya, amai da gudawa ke nan. A 2021 cutar kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ga shawararmu ga mai shirin gini. Ku zauna da magini kafin a yi daɓe, ku zana hanyar bututu a ƙasa, ku ƙirga kwanoninsa. In an rage kwana, an rage camba. Bututun makewayi ya zama mai inci 4, da gangare na ƙafa 1 a kowace ƙafa 40. A shafe cikin camban sumul da siminti, a yi masa 'yar hanya a ƙasansa don kada ƙazanta ta maƙale. Murfin ya zauna daram saboda yara da wari, amma kada a like shi da siminti. Sokawe kuma ya yi nisa da rijiya, kamar ƙafa 100. Inda fili ya yi kaɗan, a nemi shawarar duba-gari na ƙaramar hukuma tun ba a tona ba.

Idan kuɗi sun gaza, fenti da tayil suna iya jira har bayan kaka. Camba kuwa a gina shi tun ramin yana buɗe.