Malamin da ƙamusunsa ya kai shi ga hauni

Labarinmu na yau daga ƙasar Sin ya fito, a zamanin da sarakuna ke mulkinta. Labari ne na wani malami mai suna Wang Shihau, mutumin lardin Jiyangshi, wanda aka sare wa kai a ƙarshen shekara ta 1777. Bai yi sata ba, bai tara mayaƙa ba, bai zagi sarki ba. Ƙamus ya rubuta.

Kafin a gane yadda ƙamus zai kashe mai shi, sai a san waɗanda ke riƙe da ƙasar a lokacin. A 1644 Manju, wata al'umma ta arewa maso gabas, suka shiga Pekin suka kafa daular Cing. Su kaɗan ne, Sinawan da suka ci da yaƙi kuwa ba su ƙirguwa. Saboda haka kullum sarakunan Manju a tsorace suke da alƙalamin malamai, domin malamai ne ke rubuta tarihi, su ne kuma ke iya tuna wa jama'a cewa masu mulkin baƙi ne. Tun 1663 suka nuna iyakar haƙurinsu: a birnin Hangjau aka kashe mutum fiye da 70 a kan wani littafin tarihin daular Ming da ta gabace su. Har masu buga littafin da waɗanda suka saye shi ba su tsira ba. Wanda ya sa aka wallafa shi ya riga ya mutu, amma aka tone kabarinsa.

Sarkin da ke kan gado a zamanin Wang Shihau shi ne Ciyanlung, wanda ya yi shekara 60 yana mulki. Ba jahili ba ne ko kaɗan. Shi kansa ya bar waƙoƙi sama da 40,000. A 1772 ya ba da umurni a tattaro littattafai daga kowane lardi, domin a haɗa taskar ilimi wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Malamai fiye da 300 suka duƙufa a kan aikin, a ƙarƙashin wani gwani mai suna Ji Yun, aka kuma ɗauki magatakarda dubbai suna kwafa da hannu. Aka yi wa masu littattafai alkawarin mayar musu da kayansu, aka yi wa waɗanda suka fi bayarwa kyauta. Mutane suka buɗe akwatunan kakanninsu.

Da littattafai suka taru, sai a 1774 umurni na biyu ya fito: a tace, a ware duk wanda ya ambaci Manju da muni. Daga nan aikin ya zama mai fuska biyu. Hannu ɗaya yana kwafa yana adanawa, ɗayan yana jefawa a wuta. Gwamnonin larduna suka shiga gasar kame littattafai, kuma gwamnan Jiyangshi, mai suna Haiceng, yana cikin na gaba, har sarki ya yaba masa.

A cikin wannan hali ne Wang Shihau ya fitar da aikinsa. Ya ci jarrabawar lardi a 1750, amma babbar jarrabawar Pekin, wadda ke buɗe ƙofar manyan muƙamai, ta gagare shi. Sai ya koma gida ya rungumi rubutu. Rubutun Sin ba irin namu ba ne mai baƙaƙe ƙalilan. Kowace kalma da alamarta. Babban ƙamus na hukuma, wanda aka gama a 1716 bisa umurnin Sarki Kangshi, kakan Ciyanlung, yana ɗauke da alamu wajen 47,000. Wang ya ga ɗalibi na wahala a cikinsa, domin kalmomin da ke da dangantaka sun watsu. Ya yi shekara 17 yana jera kalmomi bisa ma'anarsu, kamar yadda ake zura duwatsun wuya a zare guda, ya buga littafin a 1775. A gabatarwa kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya gani game da rashin sauƙin ƙamus na Kangshi. Duk wanda ya taɓa koyar da babban mutum karatu ya san wannan niyya ba ta mugunta ba ce.

Wani danginsa da suke da tsohuwar gaba ne ya kai ƙara, ya ce Wang ya raina aikin sarki. Gwamna Haiceng ya duba, ya ga akwai rashin ladabi amma babu tawaye. Ya rubuta wa fada cewa a tuɓe wa malamin darajarsa ta jarrabawa, ya haɗa da littafin ya aika.

Ciyanlung ya buɗe littafin da kansa, ya tarar da abin da gwamna bai lura da shi ba. A nan sai mu ɗan tsaya. Mu Hausawa mun san alkunya: mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Sinawa ma suna da irin wannan, sai dai tasu ta zama doka mai hukunci. A wancan zamanin ba a rubuta sunan yanka na sarki. In alamar ta zama dole, sai a rage mata zane ɗaya ko a musanya ta da wata. To, a farkon ƙamus ɗin, Wang ya jera sunan Kwanfushiyus da na Kangshi da na Yungjeng da na Ciyanlung kansa. Dalilinsa shi ne ya nuna wa ɗalibai alamun da za su guje wa, kada su faɗa rami a jarrabawa. Gargaɗin ya zama laifinsa.

Aka kawo shi Pekin a ɗaure, aka sare masa kai yana da shekara 64. Aka yanke wa ƴaƴansa da jikokinsa hukuncin kisa, ko da yake an jingine zartarwa, aka ƙwace ɗan abin da ya mallaka, aka ƙone littattafansa da allunan katako da ake buga su.

Abin da ya fi girgiza ma'aikata shi ne makomar Haiceng. Duk littattafan da ya kama a baya ba su cece shi ba. Aka tuɓe shi, aka yanke masa hukuncin kisa saboda sassauci, daga baya aka yi masa afuwa aka tura shi can yammacin ƙasa. A ganina wannan hukunci ya fi na malamin ɓarna. Daga ranar kowane gwamna ya gane cewa tsanani ba ya jawo masa komai, sassauci kuwa yana iya cin wuyansa. Sai kowane ɗan ƙaramin zargi ya riƙa isa fada da babbar riga. Mai jin haushin maƙwabcinsa a kan gona ko bashi ba ya bukatar shaidu. Ya isa ya nemo layi ɗaya a cikin waƙar da mutumin ya taɓa rubutawa. Malamai da dama suka bar tarihin kusa da maganar mulki, suka koma binciken tsofaffin kalmomi da rubutun kan duwatsu, inda ba a cika samun tarko ba.

Taskar sarki kuwa ta kammalu. A 1782 aka gama kwafin farko: littattafai sama da 3,400 cikin kundi wajen 36,000. Waɗanda aka haramta, gaba ɗaya ko wani sashensu, sun kusa 3,000, kuma wasu daga cikin waɗanda aka adana ma an goge musu kalmomi an sa wasu. Kwafi bakwai aka yi. Biyu sun halaka a 1853 cikin yaƙin ƴan tawayen Taiping, ɗaya kuma ya ƙone a 1860 lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar shaƙatawa ta sarki kusa da Pekin. Huɗu suka rage: ɗaya a Pekin, ɗaya a Lanjau, ɗaya a Taipe, sai na Hangjau wanda yaƙi ya cinye yawancinsa, aka sake kwafe abin da ya ɓata daga baya.