Bulo Nawa A Buhu?

Duk wanda ya bi hanyar Samaru zuwa Shika da sassafe zai ji ƙarar injin buga bulo tun kafin ya hango wurin. Rumfar kwano ce, da tulin yashi, da tankin ruwa, da samari biyar ko shida waɗanda siminti ya mayar da ƙafafunsu furu-furu. Daga irin waɗannan rumfuna Zariya ta yau take fitowa. Gonakin da muka tashi muka ga ana noman dawa da masara a gefen Palladan, Hanwa, Basawa da Ɗanmagaji, yau an yanka su fegi-fegi, ko'ina ka duba kango ne ke tsaye yana jiran rufi.

Aikin daga rafi yake farawa. Masu haƙar yashi suna loda tifa da shebur, hannu da hannu, direba ya kawo ya juye. Yashi iri biyu ne: mai garas-garas na bulo da kankare, da mai laushi na filasta. Tsohon magini ba ya tambayar direba daga ina ya ɗebo. Dumbuza yake yi ya matse a tafin hannu. Idan ya dunƙule ko ya bar jirwaye, to akwai laka a ciki, laka kuwa ba ta shiri da siminti. Da damina ta kankama, kogin Galma da ƙananan rafuka sun cika, tifa ba ta iya shiga, sai farashi ya ɗaga. Shi kuwa siminti daga nesa tirela take kawo shi, ko daga Obajana a jihar Kogi, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Gombe, kowane buhu kilo 50. Kuɗin man motar duk a kan buhun yake ƙarewa.

Kwaɓin bulo ba ya son ruwa da yawa, danshi-danshi ake yin sa. A zuba a injin, ya girgiza ya danne, a ɗaga, yara biyu su ɗauke shi a kan katako su jera a fili. Washegari a fara ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla mako guda, domin siminti da ruwa yake nuna, ba da rana ba. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Masu bugawa yawanci bisa adadin buhunan da suka kwaɓa ake biyan su, masu lodi da saukewa kuma bisa kan bulo, wanda ya fasa a hanya a cire masa.

To a nan ne gaskiyar sana'ar take, ko rashinta. Masu tsoron Allah suna fitar da bulo mai inci 9 kamar 30 daga buhu ɗaya. Akwai mai fitar da 45, akwai mai kai 50 bai ji kunya ba. Lissafin ba wuya. A ce buhu naira 10,000 ne, kuma ya haura haka a wurare da yawa a farkon 2024. Mai fitar da 30, simintin naira 333 ya zuba a kowane bulo. Mai fitar da 50, na naira 200. A bulo dubu ɗaya, bambancin ya kai naira 133,000. Amma ban ɗora laifin duka a kan mai gidan bulo ba. Mu masu saye mu ne muke zagaya gidaje uku muna neman wanda ya fi araha da naira hamsin, mu bar mai nagarta da kayansa a rana.

Ni ma na yi. Shekarun baya na sayi bulo mai sauƙi na kewaye wani ɗan fili, maginin ya ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ya sake shi, ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Ya dube ni bai ce komai ba. Na ce a yi haƙuri a yi da shi, katanga ce kawai. Ruwan watan Agusta na farko ya kwantar da ɓangare guda, kuma abin da maƙwabta suka fara tambaya shi ne, wane magini ne ya yi wannan aikin?

Ba a zama magini a dare ɗaya. Yaro lebura yake farawa, yana kwaɓa, yana ɗaukar kwanon kwaɓi a ka, yana miƙa bulo. Sai an ga natsuwarsa maigida zai ba shi cokali, shi ma a tsakiyar bango inda filasta za ta rufe kuskure. Kusurwa ita ce ta ƙarshe da ake sakar masa, don idan kusurwa ta karkace, ɗakin duka ya karkace, kafinta da mai tayil su ne za su sha wahala. Ka tsaya ka kalli gwani yana fitar da layin harsashi: turaku, igiya da tef. Ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, idan tsakaninsu ya ba shi 5 cif, kusurwa ta tsaya. Da yawansu ba su taɓa jin sunan wannan lissafi a aji ba, amma ba ya kuɓuce musu.

Ba abin mamaki ba ne a garin da ya san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu da tubali da azara, ya ɗaure rufinsa da bakan gizo. Har yau akwai unguwa mai sunansa. Makuba da azara sun ja baya, rodi da siminti sun karɓe gari, amma idon da ke gane bango ya miƙe ko bai miƙe ba yana nan.

Daga harsashi sai a cike da jar ƙasa a daɓe, a zuba kankaren ƙasa, a ja bulo zuwa linta. Idan bene ne, ranar zubin dekin ranar yaƙi ce. Kafinta ya kafa katako, masu ɗaurin rodi sun gama saƙarsu, sai leburori su yi layi a kan tsani, kwano na hawa kwano na sauka, babu tsayawa har a gama, don kankaren yau ba ya haɗuwa sosai da na gobe.

Biya iri biyu ne, na yini ko jinga. Jinga tana da daɗi idan aiki ya tafi daidai, amma idan mai gida ya tsaya neman kuɗin siminti na wata biyu, abinci ya yi tsada a tsakani, magini ne a ciki, kuma leburorinsa ba su san "ka dawo gobe" ba. Siminti yana cin hannu har ya tsage, baya yana ciwo, wanda ya faɗo daga kan katakon hawa kuwa sai dai 'yan'uwan sana'a su yi masa karo-karo. Da azumi bayan sallar asuba suke fita, su tashi kafin azahar.

Mafi yawan masu gini a nan ba attajirai ba ne. Malamin makaranta ne da ya kwashi adashi, ko wanda aka biya kuɗin sallama, ko ɗan kasuwa da ke ajiye ribarsa a bulo ɗari-ɗari don kada ta narke. Shi ya sa gida ke shekara biyar a linta. Sai kuma masu gini don sayarwa ko haya, waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafa ta a 1962, da asibitin koyarwa na Shika da sauran makarantu suka buɗe wa kasuwa. Su sayi gona, su yanka ta ƙafa 50 da 100, su jera ɗakuna masu banɗaki a ciki, dillali ya kawo mai saye ko ɗan haya ya karɓi la'adarsa. Wasunsu sukan cinye hanya da magudanar ruwa don ƙarin fegi ɗaya, damina ta zo unguwa ta zama tafki. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, amma tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take. Takardar mallaka daga hukumar KADGIS take fitowa, izinin gini kuma daga hukumar KASUPDA. Wanda ya tsallake su, kada ya yi mamakin ganin jan fenti a bangonsa.

Gidan da aka gina don sayarwa, kwalliyarsa a waje take: tayil mai ƙyalli, silin mai fitilu, ƙofar ƙarfe. Fenti ba ya faɗin bulo nawa aka fitar a buhu. Idan za ka je ganin irin wannan gida, ɗauki tsohon magini, ka biya shi kuɗin yininsa cikakke, ka bar shi ya zagaya ta bayan gidan inda ba a yi filasta ba. Kai kuma ka sa ƙusa a aljihu, ka karci bulon ka gani.