Yadda Za Mu Tsayar da Ranar Taro ta Wayar Hannu



Sau nawa mai bishara ya hau babur daga ƙauyukan Bukkuyum, ko daga Gummi ta Daki Takwas, ya isa Anka ya tarar an ɗaga taron ma'aikata? Kuɗin mai ya tafi, kuma kowa ya san tsadar fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayu 2023. Aikin gona na yini guda ya tsaya. Mafi muni, ya jefa ransa a hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, a banza. Wayar da ke aljihunmu za ta iya rage wannan asara.

1. Mutum ɗaya ya riƙe kalanda, wato sakatare. Google Calendar kyauta ne, adireshin Gmail kawai ake bukata. Idan masu sa rana suka yi yawa, ruɗani zai shigo.

2. A buɗe rukunin WhatsApp na ma'aikata kaɗai: fastoci, masu bishara, ma'aji da shugabar zumuntar mata. Tun 2022 WhatsApp yana da wurin jefa ƙuri'a. Sakatare ya jera ranaku 3, ban da Lahadi da ranar kasuwa, kowa ya taɓa wadda ta yi masa.

3. Ranar da ta fi samun ƙuri'a, sakatare ya sa ta a kalanda tare da lokaci da batutuwan da za a tattauna, ya aika wa kowa gayyata. Wayar za ta tuna maka kwana ɗaya kafin taron idan an saita ta haka. In an canza rana, sanarwa za ta iso ga duk wanda aka gayyata.

4. Mai ƙaramar waya kada a bar shi baya. A haɗa shi da maƙwabcinsa mai babbar waya, ko a aika masa saƙon tes.

5. Da safen ranar taro, kada ka tayar da babur sai ka ji daga sakatare cewa taro yana nan.

Sai mu lura da abubuwa biyu. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro, ƙauyuka da yawa suka yi fiye da wata 2 ba sabis. Saboda haka kafin a tashi daga kowane taro, a tsayar da ranar na gaba, kowa ya rubuta a takarda. In waya ta yi shiru, takarda tana nan.

Na biyu, lokacin tafiya da wurin taro sirri ne. Kada a tura su zuwa babban rukunin ikkilisiya, ba mu san hannun da saƙo zai faɗa ba.

Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.