Dangogin Ƙwayoyin Cutar Kifi: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Sau da yawa a kan kawo wa hakimi labari cewa kifi yana mutuwa a tafki kaza, ko a kududdufin wani mai kiwo, sai malami ya rubuta "ciwon kifi" ya aika. Alhali kuwa ciwon kifi ba ɗaya ba ne. Ƙwayoyin da su ke kawo shi, waɗanda likitoci ke kira bakteriya, dangi-dangi ne, maganin da ya kashe wannan dangi kuwa ba lalle ne ya taɓa wancan ba. Saboda haka ya kyautu a san yadda masana suka rarraba su.

Yadda A Ke Rarraba Su

Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, ba su ganuwa sai da madubin likita. Masana sun jera su hawa-hawa, kamar yadda malami ke rubuta mutum a rajista, watau masarauta, gunduma, ƙauye, unguwa, gida, sa'an nan sunansa. Kowace ƙwaya tana da suna biyu na Latin: na farko na gidansu, na biyu nata na kanta. Wani masani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya kafa al'adar suna biyu a 1753.

Gwajin farko da rini a ke yinsa. Wani likita mutumin Danmak, Hans Christian Gram, ya gano shi a 1884. A kan shafa ƙwayoyin a gilashi, a rina su da shuni, a wanke, a sāke rinawa da ja. Masu kaurin bango su kan riƙe shunin. Masu sirirın bango kuwa su kan sake shi su ɗauki ja. Su waɗannan suna da wata fata ta biyu daga waje, wadda ke tare magunguna da dama. Bayan launi a kan duba siffa: ko sanda ce, ko lanƙwasasshiya, ko kuwa dunƙule.

Masu Ɗaukar Ja

Yawancin masu kashe kifi a nan su ke.

Gidan Aeromonas sanduna ne na ruwan daɗi. Aeromonas hydrophila tana kama tarwaɗa da karfasa, ta kawo gyambo, da jini a gindin fiffike, da kumburin ciki. Fenisilin ba ya cinta.

Gidan Vibrio lanƙwasassu ne, sun fi son ruwan gishiri. Dā an haɗa Aeromonas da su a dangi ɗaya, sai a 1986 aka raba.

Gidan Edwardsiella 'yan'uwan ƙwayoyin hanji ne. An raɗa wa Edwardsiella tarda suna a 1965. Ita ce ta kan haƙa rami mai ɗoyi cikin naman kifi.

Gidan Flavobacterium dogaye ne, sirara. Suna cin fata da fiffike da jan naman da kifi ke numfashi da shi, su bar fari-fari kamar auduga, har mai kallo ya zaci funfuna ce. An fara bayyana wannan ciwo a Amurka a 1922.

Masu Riƙe Shuni

Gidan Streptococcus dunƙule su ke, a jere kamar carbi. Streptococcus agalactiae da Streptococcus iniae suna addabar karfasa, tun ba in ruwa ya yi zafi ba. Suna shiga ƙwaƙwalwa, sai a ga kifi yana kewaya wuri ɗaya, idanunsa sun fito waje.

Masu Maiƙon Bango

Gidan Mycobacterium ba su karɓar rinin Gram sosai, sai an yi musu wani rini dabam. Gida ɗaya su ke da ƙwayoyin tarin fuka da na kuturta. Mycobacterium marinum, wadda aka gano a 1926, tana ramar da kifi sannu a hankali, tana kuma iya shiga hannun mutum ta wurin yanka ta fid da ƙuraje masu wuyar warkewa.

Dalilin Sauyin Sunaye

Tun daga 1977 masana suka fara awon dangantaka da ƙwayoyin gado, ba da kama kaɗai ba, sai sunaye da yawa suka sauya. Mai kawo fari-farin nan ta sha suna iri-iri kafin ta zama Flavobacterium columnare a 1996, a 2022 kuma aka gane iri huɗu ce. Don haka in takardar likita ta zo, malami ya kwafe sunayen biyu harafi-harafi.

Abin Da A Ke Bukata Ga Hakimai

Ido kaɗai ba ya rarrabe dangogin nan, gama gyambon wannan ya kan yi kama da na wancan. Sai wuraren bincike, irin na Vom da na New Bussa. Saboda haka:

1. Sarkin ruwa da dagatai su kawo labari ran da abin ya fara.

2. Malami ya rubuta irin kifin, da yawansa, da alamun, da ranar. In kifi iri-iri ya mutu gaba ɗaya cikin dare guda, a fi zaton guba ko ƙarancin iska a ruwa. In kuwa iri ɗaya ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan, a fi zaton ciwo.

3. A kai wa ma'aikacin kifi ko likitan dabbobi kifi mara lafiya da ransa, ko wanda bai daɗe da mutuwa ba cikin ƙanƙara. Ruɓaɓɓe ba shi da amfani.

4. A binne matattun, kada a sayar. Kada a kai taru ko koma daga ruwan nan zuwa wani sai an wanke an shanya.

5. A hana zuba magani bisa ka. Yin haka asarar kuɗi ne, kuma yana sa ƙwayoyin su saba, har maganin ya daina ci, ga kifi da mutane duka.

Sai an san gidan da ɓarawo ya fito a ke sanin inda za a kai sammaci.