Rashin Tabbas a Matsayin Ginshiƙin Jarabar Caca: Nazari ta Fuskar Ilimin Halayyar Ɗan'adam

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa ɗan caca ke ci gaba da zuba kuɗi alhali asararsa ta rinjayi ribarsa. A 1980 ne Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da jarabar caca cikin kundinta na DSM, kuma a bugu na biyar na 2013 ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwayoyi.

Bayani na farko ya fito daga B. F. Skinner, wanda ya gwada tattabaru da ɓeraye. Ya gano cewa dabbar da ake saka wa da abinci jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai zo ba, ta fi nacewa kan aikin, kuma ta fi wuyar dainawa ko da an yanke abincin. A kan wannan tsari aka gina injinan caca.

Binciken ƙwaƙwalwa ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A 2003 Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun nuna cewa a ƙwaƙwalwar biri, ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin sun fi motsawa yayin jiran sakamako idan damar samu da ta rashi suka yi kunnen doki. Ke nan zaman jiran ma yana da nasa daɗin.

Bayani na uku ya shafi gurguwar fahimta. A 1975 Ellen Langer ta nuna cewa wanda ya zaɓi tikitinsa da hannunsa yakan ɗauka yana da iko a kan sa'a. Haka mai cacar ƙwallon ƙafa ta wayar salula yake ganin sanin 'yan wasa zai fisshe shi. Wani kuskuren shi ne zaton asarar da ta jeru tana kusanto da nasara, wanda ke jefa mutum cikin neman ramuwa.

Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Sai dai waɗannan bayanai sun nuna cewa turken yana iya riƙe mai hankali ma. Saboda haka magani yana buƙatar gyara tunanin mai cacar game da sa'a, tare da nisanta shi daga abubuwan da ke tayar masa da sha'awarta.