Kunkuru Ya Shigo Gida: Me Za Mu Yi Da Shi?

A unguwannin Kaduna irin su Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga gida ya tarar da kunkuru yana rarrafe a gindin bango. Wani kawun yara ne ya kawo shi tsaraba daga ƙauye a cikin kwali. Wani a gona aka tsince shi lokacin noman fari. Wani kuwa maigida ne ya saya, gama ya ji an ce kiwonsa ba wuya: ba ya kuka, ba ya ɓarna, ba ya neman dusa kamar tunkiya.

Ranar farko yara sukan kewaye shi, su kira 'yan maƙwabta su zo kallo. Bayan mako biyu an manta da shi. To, a nan ne wahalarsa take farawa. Akuya in ta ji yunwa takan cika gida da kuka har a tashi a ba ta. Kunkuru ba shi da wannan gata. Komai nasa a hankali yake, har ciwo da mutuwa. Yana iya yin wata shida yana lalacewa a tsakar gida, mutanen gida suna cewa lafiyarsa ƙalau, tun da ga shi nan yana motsi. Mu da muke koyar da yara mun sha jin wannan labari a aji, kullum kuwa ƙarshensa ɗaya ne: "Malam, haka kawai ya mutu." Ba haka kawai ba ne.

Wane iri ne a hannunku?

Wannan ita ce tambaya ta fari, gama abincin wani guba ce ga wani. Akwai babban kunkuru na ƙasashen Sahel, wanda ake samu daga Sanigal har zuwa Habasha, ta Nijar da can arewacin Nijeriya. Launinsa kamar yashi, ƙafafunsa na gaba suna da kaurin ɓawo, a bayan cinyoyinsa kuma akwai 'yan ƙayoyi biyu ko uku. Sa'ad da aka ƙyanƙyashe shi bai fi inci 2 ba, yaro ma ya rufe shi a tafin hannu. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya duka. Na tsibiran Galapagos da na Aldabara ne kaɗai suka fi shi. Namiji yakan kai kilo 50, wato nauyin buhun siminti, waɗansu ma su wuce haka nesa.

Akwai kuma ƙarami, wanda aka fi tsinta a gonakin Kaduna da damina. Bai cika wuce inci 9 ba. Alamarsa ita ce bayan ƙoƙonsa yana lanƙwasawa kamar murfin akwati, ya rufe ƙafafun baya da wutsiya in ya ji tsoro. Shi wannan yana son inuwa da laima, a daji kuwa yakan ci dodon koɗi da tana da ƙadandoniya da 'ya'yan itacen da suka faɗo. In kuwa abin da aka kawo muku shimfiɗaɗɗe ne, mai fata tsakanin yatsu, to kififiya ce, ta ruwa. Ba ta tsakar gida ba ce, a mayar da ita inda aka kamo ta.

Yawancin abin da za mu faɗa daga nan game da babban ne, gama shi ne aka fi ajiyewa, shi ne kuma ya fi shan wuya.

Sai mu yi maganar shekaru. A watan Oktoba na 2019 wani kunkuru irin wannan mai suna Alagba ya mutu a fādar Soun na Ogbomosho. Mutanen fāda suka ce shekararsa 344. Masana dabbobi ba su yarda ba. Amma ko an rage labarin fāda, abin da ya saura ya isa tunani: irinsa yakan yi shekara 70 ko fiye. A tsibirin Sant Helena akwai wani na wani iri dabam, Jonathan, wanda aka kai can a 1882 yana riga ya girma, a 2022 kuma aka yi masa bikin cika shekara 190. Wato yaro ɗan aji uku da aka ba kunkuru yau, in an kula da dabbar, zai iya nuna wa jikokinsa ita. Iyaye, kun yi wannan lissafi kafin ku karɓi kwalin?

Ƙoƙon nan jikinsa ne

Yara da yawa, har da manya, suna tsammani kunkuru zaune yake a cikin ƙoƙonsa kamar mutum a ɗaki. Akwai dabbar da take yin haka, amma ba shi ba ne. A bakin teku akwai wata irin ƙaguwa mai taushin ciki, wadda takan nemi katantanwar da mai ita ya mutu ta shige ciki. In ta yi girma ta fita ta nemi wata. A Amurka har sayar wa yara ita ake yi a shagunan bakin teku, sau da yawa cikin katantanwa mai fenti, da yawa kuwa ba sa daɗewa a hannun masu saye, ko da yake a inda Allah ya ajiye su sukan yi shekaru masu yawa. Ita 'yar haya ce. Kunkuru kuwa ƙoƙonsa ƙashi ne mai rai. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗu suka zama rufin nan, da jini da jijiyoyi a ciki. In an taɓa shi yana ji.

Saboda haka al'adar nan ta huda gefen ƙoƙo da ƙusa mai zafi a ɗaura igiya, don kada ya ɓata, mugunta ce ko da ba a nufa ba. Daidai take da huda ƙashin mutum. Ramin yakan ruɓe, igiya kuma ta naɗe ƙafa. Haka nan shafa masa fenti, ko rubuta sunan yaro a bayansa da wuƙa, ko barin yara su hau shi kamar jaki. In kun gan shi a rigingine, ku juya shi nan da nan: huhunsa a sama yake, ƙarƙashin ƙoƙon baya, in ya kife kayan ciki sukan danne shi, rana kuma ta gama da shi.

Wurin zama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidajen Kinkinau da yawa na haya ne, tsakar gida 'yar kaɗan, an kuma malale ta da siminti. Siminti yana cinye ƙirjin kunkuru da faratansa, da rana ya yi zafi kamar tanda, da dare ya yi sanyi. Yana bukatar ƙasa. A daji rami yake haƙawa mai zurfi ya shige lokacin zafi, a gida ma ba zai bar halinsa ba. Babba yana iya haƙa ƙarƙashin katangar ƙasa har ta tsage. Wanda yake haya ya fara magana da mai gida. A kewaye masa wuri da bulo, tsayin ƙafa 2, a binne layin farko cikin ƙasa. Kada a yi da waya, gama muddin yana hangen waje ba zai daina turawa ba.

A cikin wurin a sami rana, a sami inuwa. Hasken rana ne yake sa jikinsa ya iya amfani da sinadarin da ke gina ƙashi. Wanda aka kulle a ɗaki ko bayan gilashi, ƙoƙonsa yakan yi taushi kamar ƙwaryar da ba ta nuna ba. Rana ta safe ta fi. Amma ɗan ƙarami da aka bari a roba ko kwano cikin ranar Maris, kafin a dawo daga kasuwa an rasa shi.

Kaduna ta fi ƙasarsa ruwa. A watan Agusta, sa'ad da tsakar gida take kwana cikin laima, yana bukatar ɗan ɗaki busasshe, a tudu, mai rufi. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, ƙarami ya kwana cikin kwali da busasshiyar ciyawa a ɗaki, nesa da murhu. Sanyi da laima in sun haɗu, su ne ke kawo masa ciwon huhu. Alamarsa kumfa a hanci, da buɗe baki don numfashi, da kumburin ido.

Ba ya iyo. A rufe rijiya da kwatami. A kuma kiyaye ƙarami daga ɓera da kare da kwarkwasa.

Ci da sha

A nan ne masu ƙauna suka fi yin kisa. Ana zuba masa sauran tuwo da shinkafa da burodi, har da ƙashin kifi, yana kuwa ci, sai a ce ai yana so. Babban kunkuru dabbar kiwo ne kamar saniya. Cikinsa na ciyawa ne, ɗanya da busasshiya, ita ce za ta zama mafi yawan abincinsa. Masu sayar da abincin dabbobi a wajen Zango na Tudun Wada ba su da nisa da Kinkinau, sai dai ku nemi ciyawa ko ingirici, ba harawar wake ba, gama ta yi masa maiƙo da yawa. A ƙara masa ganyen rama, da na yakuwa, da na kabewa, da na dankali. Alayyafo kaɗan, ba kullum ba. Mangwaro da ayaba da kankana sai jefi-jefi, domin zaƙi yana ɓata masa ciki. Nama da madara da wake kuwa sam. Irin wannan abinci, in ya haɗu da ƙarancin ruwa, shi ke sa ƙoƙo ya tashi tudu-tudu maimakon ya yi sumul, ya kuma gajiyar da ƙoda. Sau biyu a mako a dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka, a barbaɗa kaɗan a kan ganye. Ciyawar da aka yi wa feshi, ko ta bakin kwata, ba ta shiga.

Sai leda. Duk abin da ke ƙasa mai launi, kunkuru zai gwada shi da baki: ledar ruwa, robar daurin kuɗi, guntun balan-balan. Share wurinsa kowace safiya aiki ne da ɗan shekara 7 zai iya, ya kuwa fi kowane magani.

Ana cewa kunkuru ba ya shan ruwa. Yana sha. A ajiye masa faranti marar zurfi wanda zai iya shiga ya fita. Ƙarami kuma a sa shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda bai kai haɓarsa ba, na minti 15, sau uku ko huɗu a mako, wani yana tsaye a kansa. Farin abu kamar alli da yake fitarwa tare da fitsari ba ciwo ba ne. Amma in ya zama tsakuwa-tsakuwa, ruwa ya yi masa kaɗan.

Magani da lafiyar yara

Ga gargaɗi ga masu awaki. Allurar nan ta tsutsa da kaska mai suna Ivermectin, wadda ake yi wa tumaki da shanu, tana kashe kunkuru ko da kaɗan ce. Kada a gwada. Kada kuma a fesa fiya-fiya ko a sa maganin ɓera kusa da shi. Kaska a cire ta da hannu. In ya daina ci alhali ba sanyi ake yi ba, a kai shi wurin likitan dabbobi. In abin ya faskara, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Shi ma yana iya ba mu ciwo. Kunkuru mai lafiya sarai yakan ɗauki ƙwayar cutar Salmonela a kashinsa da jikinsa, mai kawo zawo da zazzaɓi. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da waɗanda ba su kai inci 4 ba tun 1975, gama yara suna sa su a baki. Dokar gida ita ce: wanda ya taɓa, ya wanke hannu da sabulu. Ba a wanke farantinsa tare da kwanonin abinci, jariri mai rarrafe kuma ba ya shiga wurinsa.

Mun san akwai masu ajiye shi don an ce yana tare mugun abu ko yana korar maita. Mu dai mun san Mai tsaron gidanmu. Dabbar da ba ta iya juya kanta in ta kife, ba za ta tsare kowa ba.

Daga ina ya fito?

Babban kunkuru yana ƙarewa a daji. Shanu sun cinye ciyawarsa, wutar daji da hamada sun rage masa wuri, 'yan kasuwa kuma suna kwasa. Macen takan yi shekara 10 zuwa 15 kafin ta fara ƙwai, don haka kowace babba da aka ɗauke, giɓinta ba ya cikuwa da wuri. Tun shekara ta 2000 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, har da Nijeriya, suka hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don ciniki. Ƙungiyar IUCN kuma ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Wanda bai riga ya saya ba, shawararmu ya tambaya ko a gida aka ƙyanƙyashe shi. In na daji ne, ya bar shi.

Wanda kuwa nasa ya yi masa girma, kada ya kai shi bakin Kogin Kaduna ya sake. Wanda ya daɗe a gida yana iya kai wa na daji cuta, wurin ma ba irin nasa ba ne. A nemi ɗan'uwa mai fili da katanga, a ba shi tare da bayanin abincinsa. Ƙaramin nan na gona da aka tsinto jiya ko shekaranjiya, shi nasa da sauƙi: yara su gama kallo, a sa shi a kwali, a mayar da shi daidai gindin kurmin da aka same shi, da sassafe, kafin rana ta yi zafi.