An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Mutuwar 'Ya'yan Tarwaɗa a Sabon Tanki

Daga ƙarshen damina zuwa yau mutum uku suka kira ni a waya kan magana ɗaya. Ɗaya daga Wurno, ɗaya daga Rabah, na ukun kuma ɗan yayata ne da ke zaune kusa da Goronyo. Kowannensu ya gina tankin siminti a bayan gida, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba, kafin mako ya zagayo sun fara mutuwa. Tambayarsu kuwa kamar sun haɗa baki: wane magani za a zuba? Ko ɗaya daga cikinsu bai tambayi abin da ya sami ruwan ba.

Na ɗan yayata shi na je na gani da idona. Tun daga ƙofar gida ya tare ni, ya ce, "Kawu, ciwo ya shiga kihin ga. Na zuba ja da yalo kati ukku, na ƙara da gishiri, ba su bar mutuwa ba." Tankin sabo fil, mita 3 tsawo, mita 2 faɗi, bangonsa fari tas. Ruwan ya yi ɗorawa saboda kafso. 'Ya'yan kifin da suka rage sun yi tsaye cirko-cirko, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a waje, fatar wasu ta yi fari-fari kamar an watsa musu ruwan zafi. Na tsoma hannu na murza yatsuna, sai na ji santsi irin na ruwan toka. Na ce masa yaushe magini ya gama filasta? Ya ce ran Laraba. Yaushe ka zuba kifi? Ya ce ran Lahadi. Kwana huɗu! Dubu ya sayo, ranar da na je ya riga ya kwashe gawa fiye da ɗari uku. Yayata kuwa tana gefe tana cewa ita ta san baki ne, don wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ba ta ce tubarkalla ba.

Ban hana kowa addu'a ba, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma zargin maƙwabciya a kan abin da siminti ya yi zalunci ne, kuma yana raba zumunci a banza.

Kiwon tarwaɗa a tanki ba sai an tsaya dogon bayani ba, kowa ya gan shi: ana sayo ƙananan kifi daga masu ƙyanƙyasa, a ciyar da su wata huɗu zuwa shida, a sayar. Abin da ya ja matasanmu gare shi ma a fili yake. Gulbin Rima da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942, su ne suka saba cika mana kasuwa da kifi, to yanzu bakuna sun yi yawa, ga rashin tsaro da ya sa masunta da dama ba sa iya kwana a bakin ruwa kamar da. Tanki a cikin gida ya zama mafita. Matsalar ita ce mun ɗauko sana'ar, mun bar iliminta a baya.

Ga kuskuren da na gaji da gani: an ɗauka duk kifin da ya mutu cuta ce ta kashe shi, duk cuta kuma kafso ne maganinta. A sabon tanki, cikin makonnin farko, mafi yawan lokaci ba wata ƙwayar cuta da ta shiga. Ruwan ne ya zama guba, ta hanya biyu.

Ta farko siminti. Sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi a cikin ruwa, dangin farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa yin leburanci ya san yadda kwaɓin siminti ke cin tafin hannu da tsakanin yatsun ƙafa. To, ƙaton namiji mai kanta ke nan, ina ga ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ba shi da ko ɓawo a jiki sai yauƙi? Masana suna auna wannan kaifi da ma'aunin da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Tarwaɗa tana jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan da ya kwana a sabon siminti yana iya haura 10, har ya taɓa 11. A nan yauƙin jikinta ke narkewa, jan naman nan na cikin kunnenta da take numfashi da shi ya ƙone. Farin tabon da mai kifi yake gani ya ce ƙuraje ne, ƙuna ce. Don Allah a gaya mini, wane kafso ne yake hana siminti ci?

Ta biyu ita ce ƙazantar kifin kansa. Kifi yana fitar da amoniya, sinadarin nan da ke sa makewayi zarni, kuma yawancinta ta kunnuwansa take fita kai tsaye cikin ruwan da yake zaune. Abincin da ya nutse ya ruɓe ma ita yake komawa. A gulbi ruwa yana tafiya da ita, tsirrai su sha, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su sarrafa ta. Sabon tanki kuwa ba ruwa mai gudu, ba gansakuka a bango, ba waɗannan halittu, domin sai sun ɗauki makonni kafin su zauna. Lissafin masu kiwo shi ne kowane kilo ɗaya na abinci yana haifar da amoniya kimanin giram 30. Tankin ɗan yayata lita 6,000 yake ci, duro talatin ke nan. Yaron nan kilo guda yake watsa musu a yini, wai don su yi saurin girma, alhali kifi dubu masu nauyin giram biyar-biyar abincinsu bai wuce rubu'in kilo ba. Abin da ya ƙara dagula al'amarin, amoniya da kaifin ruwa abokan ɓarna ne. Duk lokacin da pH ya hau mataki ɗaya, ɓangaren amoniyar da ke kisa yana ninkuwa kusan sau goma, zafin rana kuma yana ƙara mata ƙarfi. Amoniyar da kifi zai jure a tsohon tanki, a sabon siminti cikin zafin watan Afrilu na ƙasar Sakkwato sai ta zama ajalinsa.

Yanzu a duba abin da kafson yake yi a irin wannan ruwa. Ba ya rage kaifin siminti, ba ya cire amoniya. Abin da yake iyawa shi ne kashe ƙananan halittun da suka fara zama don su gyara ruwan, wato gyaran gangar Auzinawa. Sannan mai kifi da ya zuba magani sai ya ƙi canza ruwa, wai kada maganin ya bi lambatu, kifin ya ƙara kwana biyu a cikin gubar da ya kamata a zubar tun jiya. Idan mutuwar ta tsaya daga baya, don raunanan sun ƙare ne ko don an gaji an canza ruwa, sai a ce kafso ya yi aiki, a je a koya wa wani. Haka wannan ɗabi'a take yaɗuwa daga gida zuwa gida.

Akwai kuma haƙƙin wanda zai ci kifin. Tetirasaikilin da ake farkewa ana zazzagawa a tanki maganin mutane ne. Yawan zuba shi barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, ruwan tankin ya bi kwata ya shiga unguwa ko a ba lambu, ran da yaro ya kwanta aka ba shi maganin sai ya ƙi ci. Masu kemis ɗin da ke miƙa kati biyar ga mutumin da ya ce musu kifinsa ne ba lafiya, ba tare da ko tambaya ɗaya ba, su ji tsoron Allah.

Gishiri shi yana da wurinsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana rage wa kifi wahala bayan doguwar tafiya, yana kuma kare shi daga wani sinadari da amoniya ke rikiɗa ta koma, mai mayar da jinin kifi kalar ƙasa. Amma da awo ake sa shi, giram ɗaya zuwa biyu a kowace lita, ba a kamfata da kwano ba. Tarwaɗa ba kifin teku ba ce.

Da na ambaci teku, wani abu ya faɗo mini. Murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, wanda fatake suka riƙa kawowa daga Bahar Rum ta hamada, mutane da yawa ba su san dabba ce ba, suna zaton dutse ne. Yana da 'yan'uwa masu taushin jiki, kuma a Jamus da Amurka da Japan akwai masu kiwon su a akwatin gilashi a falo, cikin ruwan gishiri da suke haɗawa da kansu, giram 35 a lita, zafi wajen digiri 25. Su ma sabon akwati shi ne babban tashin hankalinsu. Sukan bar shi mako huɗu zuwa shida yana aiki ba komai mai daraja a ciki, suna auna amoniya har sai ta koma sifili. Idan suka sa murjani ya ƙanƙance ya ƙi buɗewa, abin da ƙwararrunsu ke fara tambaya shi ne sakamakon awon ruwa da kwanakin akwatin, sannan su ce a daina taɓa shi ana canza masa wuri. Akwai ma irin da yakan rufe na 'yan kwanaki ya saɓe wata fata mai sheƙi ya sake buɗewa, lafiyarsa ƙalau, wanda ya yi garajen zuba masa magani shi ke kashe shi. Mutanen da abin ado kawai suke kiwo sun iya haƙurin wata guda, mu da jarinmu da na iyayenmu ke ciki mun kasa haƙurin mako biyu.

To me ya kamata a yi? Kafin ka biya kuɗin kifi, ka fara jiƙa tankinka. Cika shi maƙil, ka jefa buhun busasshen kashin shanu da aka ɗaure bakinsa, ko damin tattakar shinkafa, wadda a Wurno ba sai ka saya ba. Mutanen kudu gangar ayaba suke sawa, mu ba mu da ita da yawa, kuma ba dole ba ce. Bar shi mako guda, ka zubar, ka goge bangon da buroshi da ruwa zalla, ka sake cikawa ka sake ba shi mako guda. Kada omo ko sabulu ya kusanci tankin, ko bokitin da kake ɗibar ruwa da shi. Bayan haka ka auna. Takardar awon pH tana samuwa a shagunan kayan kiwon kifi da na kayan gwaje-gwaje a cikin Sakkwato. In ba ka samu ba, ka sa kifi goma su kwana uku. In suna yawo a ƙasa suna cin abinci, sai ka kawo sauran. In sun yi tsaye a sama, tankinka bai nuna ba.

Ruwan ma a san asalinsa. Na rijiyar burtsatse yana fitowa ba iska a cikinsa, wani wurin kuma da ƙarfe, shi ya sa yake yin ja in ya kwana. A bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama, ko a tara shi ya kwana tukuna. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, shi ma ya kwana a buɗe. Na magudanar fadama kuwa, a lokacin da manoman shinkafa da albasa ke feshi, ko kyauta aka kawo maka kada ka karɓa.

Ranar ɗauko kifi ka yi sammako, kada rana ta same ku a hanya. In kun iso kada ka juye jarka kai tsaye. Ka ajiye ta cikin tankin minti 20 zuwa 30, kana ɗiban ruwan tankin kaɗan-kaɗan kana zubawa a ciki har zafinsu ya daidaita, sannan ka karkata ta su fita da kansu. Ranar farko ba abinci. Daga washegari ka riƙa ba su kaɗan-kaɗan sau uku a yini, kana tsaye kana kallo, da zarar sun rage rububi ka ɗauke hannunka. Da hunturu, in sanyin asuba ya kama ruwan, ba sa ci sosai, ka jira hantsi. Ka yi wa rabin tankin rumfar zana saboda bazara. Kuma ka rage kwaɗayi: tanki irin na ɗan yayata, ga mai koyo wanda ba shi da ruwa mai gudu, ni ba zan ba shi shawarar ya wuce kifi ɗari huɗu ba.

In kuwa ka wayi gari ka ga sun yi tsaye, ko ka ji ruwan yana zarni, ko kumfa ta taru a kusurwa, abu uku za ka yi kafin ka kira kowa: ka tsayar da abinci, ka tsame matattu, ka zubar da rabin ruwan ka ƙara wanda ya kwana. Gobe ka maimaita. Tarwaɗa ba ta mutuwa don yunwar kwana biyu. Abin da muka yi wa na ɗan yayata ke nan, sai dai su mun kwashe su gaba ɗaya zuwa wasu manyan robobi muka bar tankin ya jiƙu. Bayan kwana biyu mutuwar ta tsaya.

Ban ce cuta ba ta kama kifi ba, tana kamawa. Akwai kuma iri marar kyau daga wajen ƙyanƙyasa, da manyan da ke haɗiye ƙanana in ba a ware su, da tsuntsaye da kwaɗi. In ka gyara ruwa kwana uku abin bai lafa ba, ka ɗebi masu rai biyu-uku da ruwan tankin a gora daban, ka kai wa likitan dabbobi ko malaman sashen kiwon kifi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masu son zurfafa ilimi kuma ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, can bakin tafkin Kainji. Su ne za su ce a ba da magani, su faɗi adadi, su faɗi kwanakin da za a jira kafin a sayar wa mutane.

Kai da ke shirin kiran magini a wannan makon, roƙona gare ka ɗaya ne: kada ka ba mai ƙyanƙyasa ko sisi sai tankinka ya yi mako biyu da ruwa a ciki.